Kafin Ki Yi Jere, Ƙwanƙwasa Bango

   

Yau dai ba zancen kwalliya ko girki na zo muku da shi ba, zancen bango ne. E, bangon ɗaki. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "To fa! Yau kuma Anti ta koma birkila?" Ki tsaya ki ji tukuna 'yar uwa, domin abin da zan ba ki labari a danginmu ya faru, ba ƙirƙirarsa na yi ba, kuma saura ƙiris da yanzu da ta'aziyya na buɗe filin nan.

Ina da wata ƙanwa, ɗiyar kawuna, wadda aka yi wa aure a garinmu Ƙetare, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Angon yaro ne mai hankali da neman na kansa, fataucin masara da dawa yake yi a kasuwannin Sheme da Ɗandume. Ɗakin da aka ba shi a gidansu soro ne na ƙasa, tun ginin kakansa, mai kaurin bango da rufin azara. To da yake yana son yarinyar, kuma yana gudun gorin 'yan jere, kada a ce ya kai 'yar sakandare ɗakin laka, sai ya sayar da buhunan masararsa ya sayo siminti, aka yi wa ɗakin nan filasta ciki da waje, aka shafe shi da fenti mai sheƙi ruwan sararin samaniya, aka fasa bango aka sa tagar gilashi. Wallahi in kin gani sai ki rantse ginin bulo ne.

Ranar jere muka je da gayyarmu, muna ta guɗa muna yaba ango. An kafa gado, an jingina kabet da wadirob a bango, ana ta fito da kwanuka da tangaran waɗanda mahaifiyarta ta soma tarawa da kuɗin adashi tun yarinyar tana aji uku a firamare. Ana cikin haka sai ga kakarmu Iya ta dogaro sandarta ta shigo. Ba ta kalli gado ba, ba ta kalli labule ba. Bango ta nufa ta ƙwanƙwasa shi da kan sandarta, nan ya ce ƙwas, can ya ce ƙwas, da ta zo bangon gabas sai muka ji ya amsa kamar an buga ganga. Ta girgiza kai ta ce, "Ɗakin ga ba ya numfashi. An toshe mashi hanci da baki."

Muka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Iya kishi ne kawai, don an ƙwace miki miji." Ta ce, "Ku yi ta dariya, ni dai na faɗi. Kishiyar tawa, kar ki kai kan gadonki jikin bangon ga." Ba wadda ta saurare ta, har da ni mai ba ku labari, domin a nan ne gadon ya fi kyau in an shigo daga ƙofa.

Daminar farko ta wuce lafiya, sai dai 'yan alamu da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Fenti ya riƙa kumbura yana ɓarewa a kusurwa. Bayan wadirob ya yi fumfuna, atamfofin lefe suka soma warin danshi. Amarya ta yi ta turaren wuta tana shanya kaya a rana. Wata siririyar tsaga ta bayyana daga bakin indararo ta gangaro zuwa kan taga, ango ya ce in rani ya yi za a duba. Rani ya zo ya wuce, hidima ta yi yawa, ga haihuwa ga suna, ba a duba ba.

A damina ta biyu, cikin watan Agusta, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A dare na uku ta tashi ba jaririnta nono, sai ta ji wani ɗan sauti, yuuu, yuuu, kamar ana zuba gero a faranti. Ta haska fitila, ashe ƙasa ce ke zubowa daga saman bango a kan murafen kwanukanta. Ta ce da ni a take muryar Iya ta faɗo mata. Ta suri ɗanta, ta tashi mijin, yana cewa ta bari gari ya waye, ta ce ita kam ba za ta ƙara minti ɗaya ba. Haka suka fita cikin ruwa zuwa ɗakin uwar mijin. Kafin kiran assalatu bangon gabas ya kwanto gaba ɗayansa a kan gadon, azara ta biyo baya.

Allah Ya tsare rayuka, mun gode maSa. Amma gado da kabet da tangaran ɗin da aka shekara goma ana tarawa, sai da shebur aka tono su. Ranar na ga mahaifiyarta tana tsintar fasassun faranti a cikin taɓo, ba ta ce uffan ba, ni ce ma na yi ta kuka.

Abin ya tsaya mini a rai. Yaya ɗakin da ya ga aure uku yana tsaye, sai da aka kashe masa kuɗi sannan zai faɗi? Da na kasa haƙuri sai na sa mayafina na tafi wurin wani dattijon magini a unguwarmu, wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah tambaya gare ni. Ashe siminti bai fi laka ƙarfi ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, ya fi ta ƙarfi mana, amma ba jinsinsu ɗaya ba. Auren dole aka yi masu." Sannan ya warware mini zance dalla-dalla. Ya ce bangon ƙasa kullum cikin shan danshi yake yana fitarwa. In ruwa ya doke shi ya jiƙe, da rana ta fito iska ta kaɗa sai ya bushe. Shi kuwa siminti ba ya haɗewa da laka, tsayawa yake a jikinta kamar ɓawon ƙwai. Rana ta gasa shi ya buɗe, sanyin dare ya sa ya tsuke, laka kuma nata motsin daban, a haka har ya rabu da bangon ya tsattsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, to ta ina zai fita? Waje siminti da fenti, ciki siminti da fenti. Sai ya zauna a tsakiya yana jiƙa tubali, gara ta samu duhu da laima ta kafa gari, masu ɗaki kuwa suna ta kallon fenti mai sheƙi. Ya ce, "Da yaɓen ƙasa ne, tun daminar farko za ku ga ya zaizaye, ku san yana neman gyara. Laka ba ta ɓoye ciwonta."

Na ce, "To Baba, da can da me kuke kare bango daga ruwa?" Nan fa ya gyara zama, don an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

Na farko dai ita kanta ƙasar yaɓen ba a ɗebo ta yau a yaɓa yau. Jar ƙasa ake samu mai kyau, a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara da kashin doki ko na jaki, a tattake ta da ƙafa, a bar ta kwanaki tana tsima ana juyawa, har ta yi danƙo. Ciyawar nan ita ke riƙe ta kada ta tsage in ta bushe.

Na biyu makuba. Ke da kike jefa daddawa a miya, kin san daga kalwa ake yin ta, kalwa kuwa 'ya'yan ɗorawa ce. To kwasfar nan da ake yarwa bayan an cire gari da kalwa, ita ake dakawa a jiƙa, ruwanta ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe bango. In ya bushe sai ruwan sama ya riƙa sulɓewa a kansa, amma bangon yana shan iska. Da wannan ruwan makuba, ko na bagaruwa, iyayenmu mata suke yayyafa wa daɓen ɗakin amarya, suna bugu da madaɓi suna waƙa, har daɓen ya yi santsi yana ƙyalli.

Na uku laso, wanda shi ne simintin Bahaushe tun kafin zuwan Turawa. Abu uku ake haɗawa: katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a kwashe shi a busar a ƙona a dake, da gashin jima daga wurin majema, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Da laso ake shafe kan soro da saman katanga, inda ruwa ya fi duka, kuma da shi ake shafe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano don kada su tsotse ruwan baba.

Ya ce kuma duk abin da muke gani a jikin tsohon gini muna ɗauka ado ne, aiki yake yi. Indararo ana yin sa da tsawo ne don ya watsa ruwan rufi nesa da bango. Dakalin da ake zama a kai a ƙofar gida yana tare gindin bango daga fantsamar ruwa. Zankwayen da ke saman soro suna kare kusurwa, inda zaizaya ta fi farawa. Bangon gabas kuwa shi ake fara dubawa kowace shekara, domin hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa da iskarsa.

Kada ki raina ginin ƙasa 'yar uwa. Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina ta ƙasa ce, tarihi yana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, yau fiye da shekara 500 ke nan, kuma gyara da yaɓe ne suka kawo ta zamaninmu. A ƙasar Mali akwai babban masallacin garin Jenne, wanda ginin da ke tsaye yanzu aka yi shi a 1907, duk na laka. Kowace shekara mutanen garin suna ware rana su fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, mata na jido ruwa, samari na hawa kan itatuwan da aka bari a jikin bangon suna yaɓe, abin ya zama kamar salla a wurinsu.

Da na dawo gida ina ba yayana labari, shi da ya karanta fannin gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, sai ya ce ai abin da ya ci ɗakin ƙanwarmu ya taɓa cin gidajen Amurka. Na ce, "Haba Yaya, Amurka kuma da laka?" Ya ce ba laka ba, amma ciwon iri ɗaya ne.

Wai su can saboda tsananin sanyi, riga suke sa wa gida ta waje. Kin san farin soson nan marar nauyi da ake tararwa cikin kwalin sabuwar rediyo ko talabijin? To irinsa ake yankawa falle-falle a manna a jikin bango ta waje, a shimfiɗa wata raga ta zaren gilashi a kansa, a bi da siririyar filasta, sannan a yi shafen ƙarshe mai launi. Soson nan yana hana ɗumin ɗaki fita, yana hana zafin waje shiga. A Jamus aka soma dabarar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga Amurka a 1969. Su kuwa Amurkawa yawancin gidajensu na katako ne. A 1995 sai aka gano a garin Wilmington na Jihar Karolina ta Arewa gidaje da yawa, sababbi fil, katakonsu ya ruɓe a bayan rigar. Ruwa ne yake shiga ta gefen taga da mahaɗar rufi, ya rasa hanyar fita. Aka yi ta shari'a a kotuna. Daga baya aka sauya tsarin, aka riƙa barin 'yar hanya tsakanin soso da bango wadda ruwa zai bi ya tsiyaye ta ƙasa. Na ce, "Ikon Allah! Ashe maganar Iya ce dai, a bar wa ɗaki hanci."

To 'yan uwa, me ya shafe mu mu mata? Ya shafe mu ƙwarai, domin mu ne masu wuni a ɗaki, mu ne masu kwana da jarirai, kayan da ke ciki kuma guminmu ne da na iyayenmu. Namiji ya fita tun safe, ke ce za ki fara ganin alama. Ga abin da na koya, ku riƙe:

Da farko, kafin a yi jere, a samu wata babba ta zaga ɗakin tana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ko da muciya. Inda ya amsa kamar ganga, filasta ta rabu da bango, a faɗa wa dangin ango tun da wuri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyu, kada ki manna wadirob da kabet a jikin bango. Ki bar tazarar da hannu zai shiga, iska ta riƙa zagayawa, ke ma ki riƙa leƙawa. Gado kuma a nisanta kansa da bangon da ruwa ya fi duka.

Na uku, lokacin yaɓe shi ne rani, bayan an gama kaka, kafin ruwan farko ya sauka wajen watan Mayu. Ki tuna wa maigida tun yana da kuɗin amfanin gona a hannu, cikin lafazi mai daɗi, bayan ya ci ya ƙoshi. A kankare tsohon yaɓen da ya saki, a cike ramukan ɓera da na gara, a yayyafa wa bangon ruwa sannan a yaɓa sabo, daga sama zuwa ƙasa. Kada a lafta shi da kauri lokaci guda, a bari na farko ya sha iska kafin a ƙara.

Na huɗu, da hadari ya soma haɗuwa a sa yaro ya hau soro ya share ganye da ledojin da suka toshe indararo, a cire ciyawar da ta tsiro a kai. Ke kuma ki daina zubar da ruwan wanke-wanke a gindin bango, ki tabbata kwatar gidan tana tafiya.

Na biyar, in kin ga tsaga, ki ɗauki gawayi ki yi alama a inda ta tsaya. In bayan sati ta wuce alamar, ba ta jiran rani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Na shida, wanda ya fi duka: in bango ya yi ciki, ko ƙofar da take rufuwa lafiya ta soma cijewa, ko kika ji ƙasa na zubowa ana tsakiyar ruwa, ki ɗauki 'ya'yanki ki fita a lokacin. Kada ki tsaya ɗaukar akwati. Ana sake sayen tangaran.

Wata za ta ce ita gidan bulo za a kai ta, ba ruwanta. Da ruwanki. Bulo da siminti jinsi ɗaya ne, suna kama juna, amma shi ma in an cika yashi don a ja buhu ɗaya ya yi nisa, ko aka yi filasta cikin iskar hunturu ba a riƙa ba ta ruwa na kamar sati guda ba, tsagewa take yi ta riƙa zuba kamar gari. Ga kuma zafi. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi, shi ya sa ɗakin Iya yake da sanyi a watan Afrilu, da hunturu kuma ya yi ɗumi. Bulo mai rami da rufin kwano kuwa tun hantsi sun mai da ɗaki tanda. Maganinsa a sa silin, a bar bakin kwano ya zarce bango sosai don ya yi masa inuwa ya kuma kare shi daga ruwa, a shafa wa waje farin launi domin fari yana mai da hasken rana. Mu da Allah Ya ba yankinmu na Ƙanƙara arzikin farar ƙasa har ana lodinta a manyan motoci zuwa masana'antu, bai kamata mu rasa abin shafe bango ba. A dasa bedi ta yamma da ɗaki, amma da 'yar tazara saboda saiwa.

Masu son su sa wa ginin ƙasa siminti dole, Baba magini ya ce wasu kan kafa ƙusoshi ko wayar raga a bangon don simintin ya samu abin kamawa. Hakan yana rage faɗowarsa, amma ba ya fitar da ruwan da ya riga ya shiga. Don haka sai an tabbatar rufi ba ya yoyo, kuma kowace tsaga a toshe ta tun tana ƙarama.

Kafin in rufe, akwai abin da ya faɗa mini da ya sa jikina ya yi sanyi. Ya ce a 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya tashi mutane daga wasu ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda suka samu komawa bayan damina biyu ko uku da yawansu tudun ƙasa suka tarar a inda ɗakunansu suke, ko da ba a sa musu wuta ba. Ba mai share indararo, ba mai yaɓe. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mai da kowa ɗakinsa, amin.

Ita kuwa ƙanwata an sake tayar mata da ɗaki a wurin, na tubali, aka rufa kwano mai dogon baki da silin, aka shafe waje da makuba, ciki da farar ƙasa. Ranar da za ta koma, ango da kansa ya je ya ɗauko Iya a kan babur. Ta zaga da sandarta tana ƙwanƙwasawa, mu kuwa mun yi tsit kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Da ta gama ta dube shi ta ce, "To mai gidana, yanzu ka yi ɗaki. Saura nawa."

Nan zan dakata sai fitowa ta gaba, inda za mu duba wasiƙar wata ƙanwarmu da ke tambaya a kan yadda ake adana kayan lefe kada asu ya ci. Wadda take da tambaya ko ƙorafi, ƙofa a buɗe take. Ku huta lafiya.

Taku har kullum.